Tiya ko sikeli? Shawara ga wanda ya gaji rumfar hatsi a Gombe

Duk wanda ya karɓi rumfar hatsi daga hannun mahaifinsa, ko ya buɗe tasa da ɗan jarin da ya tara, wata rana sai ya tsaya a kan tambayar da me zai riƙa awo. A da babu mai wannan tambaya, kwanon awo ne, mudu ko tiya, shi ke nan. Yanzu kasuwa ta rabu biyu. Matar da ta zo sayen geron kunu so take a cika mata tiya a gaban idonta, amma wakilin kamfanin da ya shigo kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe neman waken suya ko riɗi ba ya jin komai sai kilo. Manomin Dadin Kowa yana ƙirga shinkafarsa da buhu, mai injin casa yana ƙirga ta da nauyi. Ɗan kasuwa ne a tsakiya, kuma duk inda lissafin biyu ya saɓa, daga aljihunsa ake cikewa.

Hanyoyin da ke gabanka biyar ne: ka ci gaba da kwano, ka sayi sikelin agogo mai sifirin, ka sayi na lantarki mai batir, ka nemi tsohon sikelin ƙarfe mai duwatsu, ko ka riƙa biyan masu sikeli a kasuwa suna auna maka. Kowace tana da inda ta fi, kowace kuma tana da ƙofar da asara ke shigowa.

Abin da za ka duba tukuna

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin saye kaɗai ba. Sikeli kayan waje ne, farashinsa yana bin dala, don haka abin da ya fi amfani shi ne ka san wanne ya fi wanne tsada, ka kuma lissafa batir da gyara da ranar da zai mutu a tsakiyar kaka.

Na biyu ƙarko. Abin da za ka saya zai sha ƙurar hunturu, ya sha zafin Maris da Afrilu, ya sha danshin Agusta, sannan ga 'yan dako da ba sa ajiye buhu a hankali. Na uku sauƙin aiki: yaron rumfa zai iya da shi in ba ka nan? Mai saye zai iya karanta shi da kansa, ko sai abin da ka faɗa masa?

Na huɗu haɗari, kuma fuska biyu gare shi. Ko a cuce ka, ko kai ka cuci mutane ba ka sani ba. Ta biyun ta fi nauyi. Kowane ɗan kasuwa Musulmi ya san akwai sura guda da aka buɗe ta da narkon azaba ga masu tauye awo, waɗanda suke cikawa in za su karɓa, su rage in za su bayar, ya kuma san abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu. Ma'aunin da ya lalace yana iya tauye haƙƙin mutum ɗari kafin mai shi ya farga.

Na biyar shi ne na fi ba muhimmanci: za ka iya gwada shi, ka gane ko har yanzu yana faɗin gaskiya? Babu ma'aunin da ba ya kaucewa, har wanda duniya ta dogara da shi. Daga 1889 zuwa 2019, abin da ake kira kilo wani ɗan curin ƙarfe ne na filatinam da iridiyam, tsayinsa milimita 39, faɗinsa ma haka, wanda aka kife da gilasai uku aka kulle a garin Sèvres kusa da birnin Faris a Faransa. An ƙera irinsa an raba wa ƙasashe, kuma lokaci zuwa lokaci masana sukan ɗauko na ƙasarsu su kai can a gwada. Da aka yi gwajin sai aka ga bayan shekara kusan 100 an sami saɓani tsakanin uwar da 'ya'yanta da ya kai wajen kashi 50 cikin miliyan na giram ɗaya. Wannan ɗan saɓani ya hana masana barci, har a Nuwamban 2018 ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Versailles, daga 20 ga Mayun 2019 aka daina dogaro da curin, aka ɗora kilo a kan wani adadi na kimiyya da ba ya canzawa. In ƙarfen da ba a taɓa shi da hannu yana bukatar a bincike shi, to wanda ake jefa wa buhun masara daga safe zuwa la'asar fa?

Kwanon awo

Shi ne mafi araha, babu na biyunsa. Ba ya cin batir, ba ya tsoron ruwa, in ya faɗi ka ɗauka ka kaɗe. Yaro ɗan shekara goma ya iya shi, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya shi, kuma ciniki da shi yana da daɗi, domin mai saye yana gani da idonsa, ya ce a ƙara gyara, a ƙara masa. Akwai kuma wurin da dole sai shi. Zakkar fid da kai da sa'i ake fitar da ita, mudun Nabi huɗu ga kowane mutum, nisabin amfanin gona kuma sa'i 300 ne. Waɗannan duk awon kwano ne, ba na nauyi ba.

Matsalarsa ita ce girma yake aunawa, ba nauyi ba, kuma girman kansa ba ɗaya ba ne. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Wanda ya sayo a ƙauye da kwanon ƙauye ya zo gari ya sayar da na gari, wani lokaci ribarsa a nan take, wani lokaci asararsa. A kasuwanni da yawa na Arewa ana ƙirga buhu da tiya arba'in, amma buhu biyu masu tiya arba'in-arba'in suna iya bambanta da kilo da dama. Lita ɗaya ta busasshiyar masara wajen giram 720 ce, ta waken suya wajen 770, ta shinkafa shanshera ba ta kai 600 ba. Ko a hatsi iri ɗaya, waken da ƙwari suka cinye cikinsa zai cika tiya daidai da lafiyayye, alhali ya yi sakayau. Wanda ya saye shi da tiya zai sayar wa kamfani da kilo, ranar awo zai ga abin da ya saya.

Hanyoyin ha'inci da kwano kowa ya san su: a buge gindinsa ya shiga ciki, a rage bakinsa, a ajiye kwano biyu, na saye da na sayarwa, ko mai saye ya kewaye baki da hannu har hatsi ya hau damtsensa. Alherin da ke ciki shi ne duk ido yana kama su. Ka kifa kwanon ka duba gindin, ka gama bincike.

Akwai wani abu game da kwano da ba ya shiga lissafi, kuma ba na so in wuce shi. Ɗan yayata ya gaji rumfar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Abokansa suna ta matsa masa ya sayi sikelin zamani ya watsar da kayan da. Da ya zo mini da maganar, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya ce, "Kawu, in na ajiye kwanon Baba, ji nake kamar na tashe shi daga rumfar." Kwanon tsoho ne, fentinsa ya goge, bakinsa ya yi sumul saboda shekarun da tafin hannu ya yi yana shafarsa, akwai ɗan ɗinkin dalma a gefe. Wata dattijuwa da ta saba saye a wurin marigayin ta zo ina zaune, ta yi ta'aziyya, ta share hawaye da bakin mayafi, sannan ta ce, "Ɗana, da kwanon Alhaji za ka auna mini ko?" Amanar da mutum ya shekara talatin yana ginawa ce take tambaya, kuma wannan jari ne na gaske. Na ce masa ya riƙe kwanon, amma ya san nauyinsa. Ya cika shi da masara kamar yadda mahaifinsa ke cikawa, ya ɗora a sikeli mai kyau, ya rubuta. Ya yi haka da gero, da dawa, da wake, da riɗi, ya maimaita da sabon hatsi da wanda ya kwana a sito. Shafi ɗaya ne a littafi, amma daga ranar ya iya juya farashin kilo zuwa na tiya ba tare da dillali ya yi masa lissafi ba.

Abu biyu ga wanda ke cikin irin wannan hali. Kwano da sikelin mamaci kayan gado ne, a yi musu kuɗi a sa su cikin rabonka da sanin sauran magada, komai ƙanƙantarsu. Bashin hatsin da aka ci da kwanonsa kuma, ko wanda shi ya ci, da wannan kwanon ya kamata a biya.

Sikelin agogo

Iri biyu ne: na rataye mai ƙugiya, da na ajiyewa mai faranti a kai. Duka aikinsu ɗaya, nauyi yana jan sifirin, sifirin yana juya allura. Farashinsa yana saman kwano nesa, amma yana ƙasa da babban na lantarki. Ba ruwansa da wuta, kuma na ratayen yana shiga jaka, ka je da shi kasuwar ƙauye ko bakin gona, ka ɗaura a reshen bishiya ko a kan sanduna uku. Ga mai bin kasuwannin mako irin su Kumo, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Rauninsa a sifirin yake. In aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko ana sakar masa buhu da ƙarfi, sifirin yana miƙewa ba ya komawa daidai. Abin da ke sa wannan ya zama haɗari shi ne ba ya mutuwa, ci gaba yake da aiki. Ka murɗa ɗan maɓallin ka mayar da allura kan sifili, ka ɗauka ka gyara, alhali a kilo 80 yana nuna ƙarin kilo biyu ko ragin kilo biyu. Sifirin da ya saki yawanci ƙari yake nunawa, wato in kai ke sayarwa, mutane kake tauyewa. Tsatsa da ƙura kuma suna sa allura ta riƙa maƙalewa.

Sai ka lura da tazarar layukan da ke fuskarsa. Babban mai ɗaukar kilo 100 ko 150, galibi kowane layi rabin kilo ne. Da shi ba za ka auna wa mace kilo ɗaya na wake a yi adalci ba. Karatunsa ma yana canzawa da inda mutum ya tsaya: wanda ke dama ya ga 49, wanda ke hagu ya ga 50, sai a fara musu. A tsaya a gabansa sosai, a jira allura ta daina rawa. Kuma kafin a rataya komai, mai saye da mai sayarwa su ga allurar a kan sifili tare, domin maɓallin nan da ake gyara da shi, da shi ake ha'inci.

Sikelin lantarki

A nan ne yawancin matasa suke karkata, kuma suna da hujja. Lamba yake nunawa ƙiri-ƙiri, babu musun hagu da dama. Ƙaramin na tebur mai ɗaukar kilo 30 ko 40 yana gane bambancin giram 5 ko 10, wasu ma ka sa musu farashin kilo su fitar maka da kuɗin. Babban na ƙasa mai ɗaukar kilo 150 zuwa 300 yakan tafi da giram 50 ko 100. Yana da maɓallin cire nauyin buhu ko roba, ka auna hatsin zalla. In da kamfani kake hulɗa, wannan ne harshen da suke ji, kuma in ka auna kayanka tun a sito kafin mota ta tashi, kana da bakin magana ranar da aka ce maka kaya sun ragu.

Ka san abin da ke cikinsa, domin daga nan za ka gane yadda yake lalacewa. A ƙarƙashin farantin akwai wani guntun ƙarfe, galibi alminiyam, an manna masa siririyar waya. Nauyi yana lanƙwasa ƙarfen kaɗan, yadda ido ba ya gani, wayar ta miƙe, wutar da ke bi ta cikinta ta canza, na'ura ta juya canjin zuwa lamba. Buhu ɗaya da aka jefo daga kan ɗan dako ya isa ya lanƙwasa ƙarfen nan har abada. Haka in an ɗora abin da ya wuce iyakarsa. Don haka in buhunanka masu kilo 100 ne, kada ka sayi mai iyakar 100, nemi mai 200 ko 300.

Sai batir. Yawancinsu ƙaramin batir ne mai caji, irin na fitilar caji, wanda in aka bar shi ya ƙare ƙaf ya kwana biyu a haka, ya mutu. Wanda ya kulle sikelinsa a sito daga ƙarshen kaka zuwa wata kakar, sau da yawa sai ya sayi sabon batir. In batir ya yi rauni wasu sukan fara rawar lamba. Ruwa in ya shiga allon, magana ta ƙare. Ɓeraye suna cin wayar da ta haɗa faranti da allo, kuma siton hatsi gidan ɓera ne. Ƙwayar masara ɗaya in ta maƙale a ƙarƙashin faranti tana iya tokare shi ya rage nauyi. Ƙasa in ba ta daidaita ba, kusurwa ɗaya ta faɗi wani abu, ɗaya ta faɗi wani.

Haɗarinsa mafi girma shi ne mutane suna yarda da shi fiye da kima, don kawai lamba ce mai haske. Ana iya shiga saitinsa a canza shi, kuma babu alamar da ido zai gani. Wasu suna da maɓallin juyawa daga kilo zuwa laba, kilo ɗaya kuwa laba 2.2 ne. Wasu na ƙasar Sin suna da ma'aunin can mai giram 500. Ka duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar. Akwai kuma wani abin da ba laifin kowa ba ne: shi da na sifirin duka jan ƙasa suke aunawa, wato ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi, jan ƙasa kuma ya fi ƙarfi a ƙasashen da suka yi nisa da Ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Sikelin da aka saita a Landan in aka kawo shi Gombe zai rage wajen giram 300 a kowane kilo 100. Shi ya sa ake saita sikeli a inda zai yi aiki, kuma shi ya sa za ka tambayi mai sayarwa wa zai saita maka, wa kuma zai gyara in ya lalace, kafin ka tambayi ragi.

Tsohon sikelin ƙarfe mai duwatsu

Gombe ta san wannan sikeli tun zamanin auduga da gyaɗa, lokacin da jirgin ƙasa ya iso garin a 1963, lokacin da kamfanin auduga na Turawan Ingila ya bar wa wata unguwa sunan BCGA. Da yawansu ƙirar kamfanin Avery ne na Birmingham. Har yanzu ana samunsu a tsofaffin sito, wasu sun girmi masu aiki da su.

Aikinsa gwada nauyi da nauyi ne. Ƙarafunan da ke ƙarƙashin dandamalin suna rage nauyin buhu, a wasu sau ɗari, ta yadda ɗan dutse mai kilo ɗaya zai tsaya wa kilo 100, sannan a ja wani ƙaramin ƙarfe a kan sanda mai layuka har ta daidaita. Ba batir, ba sifirin da zai saki, kuma bambancin jan ƙasa bai dame shi ba. A ƙarko babu mai kama ƙafarsa.

Amma yana da nauyi, inda ka ajiye shi nan zai zauna. Yana da jinkiri, kuma sai wanda ya iya. Manomin da bai san lissafin duwatsun ba, abin da aka faɗa masa kawai zai karɓa. Bakin ƙarafunan da komai ke lilo a kansu yana cinyewa da shekaru, masu gyaransa kuma sun yi ƙaranci. Babban abin tsoro duwatsun ne: a irin mai ninki ɗari, giram 10 da aka goge ko aka ƙara a jikin dutse kilo guda ne a buhu. In ka gaje shi da duwatsunsa na asali, ka riƙe shi da kyau, ka nemo wanda zai duba shi. In saye za ka yi na hannu, kuma duwatsun an tsinto su daga wurare daban-daban, ka haƙura.

Biyan masu sikeli

Ba ka sa jari, ba ka gyara, kana biyan ɗan wani abu a kan kowane buhu. Ga mai ƙaramin ƙarfi ya wadatar. Illarsa ita ce layi a ranar kasuwa, kuɗin dako zuwa da dawowa, da kuma cewa gaskiyar awonka tana hannun wani.

| Ma'auni | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kwano | mafi araha | shekaru masu yawa | kowa ya iya | girma yake aunawa, kuma ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa |
| Sikelin agogo | matsakaici | daidai gwargwado | mai sauƙi, ana yawo da shi | sifirin ya saki ba a sani ba |
| Na lantarki, ƙarami | matsakaici | sai da lallaɓawa | mai sauƙi ƙwarai | batir, ruwa, canza saiti |
| Na lantarki, babba | mai tsada | yana bin yadda ake ɗora masa kaya | mai sauƙi ƙwarai | jefa buhu, ɓera, canza saiti |
| Na ƙarfe mai duwatsu | mai tsada, sai dai gado | ya fi duka | sai gwani | duwatsun da aka taɓa |
| Biyan masu sikeli | kaɗan-kaɗan kullum | ba naka ba ne | akwai jira | dogaro da amanar wani |

Abin da sikeli ba ya gani

Kada wanda ya koma kilo ya ɗauka ya tsira. Sikeli ba ya bambanta hatsi da ruwa, ko hatsi da tsakuwa. Masarar da aka kawo da danshin kashi 20 cikin 100, in ta bushe ta sauko zuwa kashi 13, inda ake son ta kafin a adana, buhu mai kilo 100 zai koma wajen kilo 92. Kilo takwas ka saya na ruwa, ban da haɗarin ruɓewa. Yashi da tsakuwa kuma sun fi yi wa mai saye da kilo illa fiye da mai saye da tiya, domin nauyinsu ya fi girmansu. Don haka tsohon ilimin nan na cusa hannu cikin buhu, da cizon ƙwaya da haƙori a ji ko ta yi ƙaras, da zazzage buhu ɗaya a kan tabarma, yana nan daram ko da wane irin sikeli ka saya.

Gwajin sikelin kansa ba shi da wuya. Mafi kyau ka sayi dutsen gwaji na ƙarfe, ko da mai kilo 5 ko 10 ne, ka ajiye shi inda ba zai yi tsatsa ba. In babu hali, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ka nemi wurin da ka amince da sikelinsu, ka auna jarka cike da ruwa ko wani guntun ƙarfe, ka rubuta nauyin a jikinsa da fenti, ya zama shi ne shaidarka. Ka ɗora shi kowace safiyar kasuwa, a tsakiya da kuma kowace kusurwa. Ka gwada da ƙaramin nauyi, ka gwada da wanda ya kusa buhu, domin sikeli yana iya yin daidai a kilo 5 ya kauce a 90. Kuskuren kilo ɗaya a buhu ba ya tayar da hankali, amma a buhu 100 buhu guda ne cur. Ka kuma sani cewa a tsarin mulkin Najeriya sha'anin awo na gwamnatin tarayya ne, akwai sashen awo a ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari, kuma jami'ansa ne doka ta ba ikon duba sikelin kasuwanci su sa masa hatimi, kamar yadda suke yi wa famfunan gidajen mai. Sikeli mai hatimi yana kashe musu tun kafin ya tashi.

Wanne ne naka

In cinikinka na unguwa ne, mata da magidanta masu sayen tiya ɗaya ko biyu, ka zauna a kan kwanonka. Sikeli ba zai ƙara maka ciniki ba, yana ma iya korar waɗanda suka saba. Abin da kake bukata shi ne shafin nan na nauyin tiya, da kwano ɗaya tak na saye da sayarwa.

In kana saye da buhu kana sayarwa da tiya, wanda shi ne halin mafi yawan masu rumfa, to biyu za ka haɗa: kwano a gaba, sikeli a sito. In kuɗi sun yi kaɗan, na rataye ya isa ya nuna maka buhun da aka yi wa ƙwange. In da hali, babban na lantarki.

Mai bin ƙauyuka da kasuwannin mako ya ɗauki na rataye mai sifirin, ya haɗa da abin gwajinsa a jaka, ya kuma sa a ransa cewa zai canza shi da zarar gwaji ya nuna ya saki. Gyaran sifirin da ya miƙe ɓata kuɗi ne.

Mai kai wa kamfani riɗi, waken suya ko shanshera ba shi da zaɓi, sai babban na lantarki mai iyakar da ta ninka buhunsa, a kan daɓen siminti da ya daidaita, da wurin caji ko ƙaramar sola, da doka ɗaya ga 'yan dako: a sauke buhu, kada a jefa. In ya gaji na ƙarfe mai duwatsu, kada ya sayar wa 'yan gwangwan, ya ajiye shi a gefe yana gwada na lantarkin da shi, ranar da batir ya mutu kuma aiki ba zai tsaya ba.

Mai sayar da shinkafar gwamnati, sukari, fulawa ko kayan ƙulli a kanti, ƙaramin na lantarki na tebur ne nasa, a juya allon yadda mai saye zai gani, a rufe shi da leda in an tashi.

Wanda kuma buhunansa ba su wuce biyar ko goma a mako ba, ya bar kuɗin sikeli a cikin jari, ya riƙa biya ana auna masa. Sai dai lokaci-lokaci ya kai buhu ɗaya wurin masu sikeli biyu daban a rana ɗaya, ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya.